Rimok ɗin da ba bashi a kansa, da zancen asurans

Duk lokacin da zancen asurans ya taso a zauren malamai, ba a rasa wanda zai ce: "Abu naka ne, ka biya kuɗinsa lakadan, ba banki ba bashi, me ya kai ka ƙara wa kanka haraji?" Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen mutumin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare. Ni kuwa ta shafe ni kai tsaye, domin ina da rimok na zango, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya za su ce wa ƙaramar tirela, kuma kowace shekara idan takardar mota ta kusa mutuwa sai tambayar ta dawo: in sa shi cikin asurans ko in bar shi haka nan?

Rimok ɗin ba wani abin ƙawa ba ne. Akwati ne na ƙarfe a kan taya biyu, da tanti mai naɗewa a samansa, da tankin ruwa na lita 200, da wani ɗan sashe na tukwane da risho. Na saye shi ne lokacin da aka tura ni koyarwa Agadas, daga hannun wani dattijo da ya yi shekaru yana kai Turawa masu yawon buɗe ido cikin duwatsun Ayar da rairayin Tenere. Tawayen 2007 ya rage musu baƙi, sace ma'aikatan da aka yi a Arlit a 2010 kuma ya ƙarasa kashe kasuwar, sai irin waɗannan kaya suka yi ta ruɓewa a bayan gidaje. Da araha na same shi. Yanzu da nake Maraɗi, aikinsa shi ne zuwa ƙauye a hutun damina, mu kwana a bakin gona ni da yara lokacin noma da girbi, ya dawo mana da damman hatsi. Sauran watannin yana tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Wannan magana ta "ba bashi a kansa" tana da asali, kuma asalin nata banki ne. A ƙasashe irin su Amurka, inda iyalai da yawa ke sayen irin wannan tirela da rance don yawon hutu, mai ba da rancen yakan sa sharaɗin a yi mata cikakken asurans har sai an gama biya, saboda idan ta ƙone kuɗinsa ne suka ƙone. Ranar da aka biya kashi na ƙarshe sharaɗin ya faɗi, sai mai tirela ya tsaya yana tunanin ko ya ci gaba. Mu ma nan wanda ya taɓa ɗaukar mota da rancen banki ya san haka ake yi. To amma abin da gama biyan bashi ya warware guda ɗaya ne tak: banki ba shi da sauran iko a kanka. Bai rage nauyin rimok ba ko da kilo ɗaya, bai ƙara wa ƙugiyar da ke riƙe da shi ƙarfi ba.

Abin da ke rikita mu shi ne abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai asurans da ke biyan ka idan kayanka ya lalace, ko ya ƙone, ko aka sace. Akwai kuma wanda ke biyan wani mutum daban idan kayanka ya yi mishi ɓarna. Na farkon zaɓi ne. Na biyun ba a bar mana zaɓi ba, ko da yake da yawanmu ba su san ya shafi rimok ba. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da ke bin dokar asurans guda, dokar CIMA, wadda yarjejeniyarta aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wannan doka ta wajabta asurans na ɓarnar da aka yi wa wasu a kan duk abin hawa mai inji, kuma ta ambaci rimok da sunansa. Ba ta tambayi ko da bashi ka saya ko gado ka ci ba.

Ko da doka ba ta ce komai ba, lissafi kaɗai ya ishe ni. Idan aka sace rimok ɗina yau, na san iyakar asarata. Mu ce jika 400, idan na sami mai saye mai kirki. Zai yi mini ciwo, uwargida za ta yi mita, shekara mai zuwa mu kwana a bukkar kara kamar yadda iyayenmu suka yi. Tukunya ba za ta fasa hawa wuta ba, ba yaron da zai bar lakwal. Amma ɓarnar da zai iya yi wa wani, wa ya san iyakarta? Ruwan tanki kaɗai kilo 200 ne, ga ƙarfen, ga hatsi. Ba shi da birki nasa, da birkin mota ya dogara. Ƙugiyarsa kuwa mai walda ne ya sake ta a bakin kasuwa, mutum ne mai hannu, amma ba wanda ya auna ta da na'ura. Duk wanda ke bin kwaltar Maraɗi zuwa Tasawa ya san yadda garuruwa suke manne da hanya: amalanken shanu, masu tallar gyaɗa, ƴan kabu-kabu, da ƴan lakwal idan an tashe su da rana suna tafe ayari-ayari a gefen titi, wani ya ture wani ya faɗo tsakiyar hanya. Shekara ashirin ke nan ina tsayawa a ƙofar lakwal ina kallon yadda yara ke tsallaka titi. Akwatin ƙarfe da ya kuɓuce daga mota mai gudu ba ya jin oda, ba mai tuƙi a cikinsa da zai kauce.

Idan haka ta faru, Allah ya kiyaye, ba jika 400 ake magana ba. Kuɗin asibiti ne, da aikin tiyata, da wataƙila naƙasa ta har abada, ko rai. Dokar CIMA ta tsara yadda ake lissafin diyyar wanda aka ji wa rauni da ta magadan wanda ya rasu, kuma da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake auna yawancinta. Wanda ke da takarda, kamfani ne zai ɗauki wannan nauyi. Wanda ba shi da ita, gidansa ne da gonarsa. Abin da ya fi damuna ma ba nawa gidan ba ne. Malamin firamare ko an sayar da duk abin da ya mallaka ba lalle ya isa jinyar yaron da ya karye a baya ba, ka ga iyayen yaron su ne za su kwana ciki, ba su ci ba, ba su sha ba.

A nan ne mutane da yawa ke cewa ai motar da ke jan sa tana da asurans, shi ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A Faransa, alal misali, ƙaramin rimok da nauyinsa da kaya bai wuce kilo 750 ba yakan shiga ƙarƙashin asurans na motar da ke jan sa, wanda ya wuce haka sai an yi mishi tanadi na musamman, kuma wanda ya haura kilo 500 yana da kartigiris nasa. Amma wannan tsarin can ne, kuma ko a can ana so ka sanar da kamfani. Mu nan abin da na riƙe shi ne ƙa'idar da ke cikin kowace yarjejeniyar asurans: idan ka ƙara wani abu da ke ƙara haɗari, wajibi ne ka faɗa. Motar da ke jan rimok ba ɗaya take da motar da ke tafiya ita kaɗai ba, wajen tsayawa da wajen shan kwana. Kamfanin da ba a gaya wa ba yana da hujjar rage abin da zai biya, in ma ya tabbatar da gangan aka ɓoye, ya ce yarjejeniyar ba ta ɗauru ba.

Saboda haka na je ofishinsu na ce a rubuta rimok ɗin a cikin takardar. Saurayin da ke wurin ya ɗaga kai ya ce, "Mushe, wa zai tsayar da kai a kan wannan? Jandarma takardar mota kawai suke dubawa." Na ce mishi, "Ɗana, ba don jandarma na zo ba, rubuta dai." Ya rubuta, aka ɗan ƙara mini kuɗi, ƙarin da bai kai kuɗin cika tankin mota sau ɗaya ba. Na tsaya har na ga kalmar a jikin takardar da idona, domin alkawarin baki ba ya zuwa gaban alƙali. A tuna kuma, tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011, asurans ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. "Zan kawo ƙarshen wata" ba takarda ba ce.

Da ya ga na biya ba gardama, sai ya kawo zancen ɗaya ɓangaren: sata, gobara, da lalacewar rimok ɗin kansa. Nan na ce a'a, kuma har yanzu ina kan a'a ɗin. Asurans na kaya ba ya biyan ka fiye da darajar kayan a ranar da ya salwanta, ba abin da za ka kashe ka sayi sabo ba. Rimok da ya girmi ɗana na fari, idan mai ƙiyasi ya zo ya cire ragin tsufa, aka kuma cire kason da yarjejeniya ta bar wa mai kaya a kowace asara, abin da zai rage ba zai taka kara ya karya ba. Ba ni da rasiɗin kamfani, takardar ciniki ce ta hannu da shaidu biyu. Tanti da tabarmi da tukwanen da ke ciki sai an lissafa su daban. Idan sata ce kuma awa 48 doka ta ba ka ka sanar, ga mutumin da ke bakin gona inda waya ma sai an hau tudu. A ɗaya hannun, duk abin da ya taɓa lalacewa a jikinsa, mai walda da mai faci sun gyara shi da kuɗin da ke aljihuna.

Ba ina cewa kowa ya yi yadda na yi ba. Da sabo ne na miliyoyi, ko da shi nake ciyar da gida kamar dattijon da ya sayar mini a zamanin kasuwarsa, da lissafin ya juya. Wanda asarar kaya za ta hana ɗansa karatu, ya biya wa kayan asurans ko da tsada. Ni tawa asarar ta jin daɗin hutu ce.

Sai dai wanda ya ƙi biyan kamfani ya ɗauki aikin kamfani a kansa, kuma aikin yana da wuya. Damina ta 2024 ta nuna mana haka. Ruwan da ya rushe gidaje a Maraɗi, ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na Damagaram da ya haura shekara 150 a tsaye, bai bar tsakar gidan kowa ba. Tun daga lokacin rimok ɗin a kan bulo yake kwana, nesa da katangar ƙasa da murhu, taya ɗaya a cire tana ɗaki, sarƙa da kwaɗo a ƙugiya. Ɓarawon da zai ja rimok mai taya ɗaya cikin dare ya sha wahala. Kuɗin da zan ba kamfani kuma nakan ware su duk shekara in ba uwargida ta ajiye da sunan gyara. Raunin wannan dabara kowa ya san shi: kuɗin ajiya suna da ƙafa, suna jin kiran suna da biki da ragon layya. Shi ya sa suke hannunta ba nawa ba. Idan na matso da zancen aro daga ciki, sai ta ce, "Malam, na rimok ne," ta ci gaba da abin da take yi.

Wani abokin aikina, mutum mai tsantseni, ya ce mini shi matsalarsa ba kuɗi ba ce, halacci ne. Tambaya ce ta gaske. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ƙi amincewa da asurans na kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta amince da na taimakekeniya, wanda ake kira takaful, irin wanda aka fara a Sudan a 1979. Ni ba malamin fatawa ba ne, alli na sani. Abin da na ce mishi shi ne ɓangaren da na biya hukuma ce ta wajabta shi, kuma haƙƙin wani yake karewa, ɓangaren da ke na son raina kuwa na bar shi. Sauran ya kai wa malaminsa.

Abin da ya fi ba ni aiki yanzu shi ne aro. Rimok a unguwa kamar turmi ne, kowa na da ranar buƙatarsa: diraktan wata lakwal zai ɗauko tebura, ƙungiyar iyayen yara za ta kai buhunan siminti, maƙwabci zai kai kayan amarya. Hana aro a wurinmu abin kunya ne, ban kuma hana ba. Amma takardata motata ta ambata, ba motar mai aro ba. Don haka ko dai in ja shi da kaina, ko mai aro ya nuna mini takardar motarsa da rai, ya kuma kira kamfaninsa a gabana ya gaya musu zai ja rimok. Wasu sun ji haushi, wani ma ya ce boko ya yi mini yawa. Na kan duba fil ɗin ƙugiya da sarƙar tsaro da hannuna kafin a tashi, in tabbatar fitilun baya na kamawa. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa ko ga dirakta: ba a ɗora mutum a ciki. A bara da za a kai ƴan wasan ƙwallon lakwal ɗinmu wani gari kusa, aka ce wuri ya yi kaɗan a mota, yara huɗu su hau rimok tunda tafiyar ba nisa. Na ce jarkokin ruwa da ƙwallaye su hau, yaran kuwa sai da aka yi sawu biyu.