Ƙauyen Da Tsumma Ya Yi Daraja

'Yan'uwana mata, in tafiya ta kai ku Jihar Alabama ta Amurka, ku ratsa ƙauyen Gee's Bend. Kogi ya kewaye shi ta fuska uku. Mutanensa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin gonakin auduga.

Da can ga sanyin hunturu, ga rashin kuɗin bargo. Sai mata suka riƙa farke tsofaffin wandunan gona da buhunan gari, su harhaɗa, su shimfiɗa auduga tsakani, su ɗinke. 'Yan mata ƙanana na gefe suna koyo, har hannunsu ya faɗa.

A 2006 gwamnatinsu ta buga hotunan bargunan nan a jikin kan sarki na wasiƙu.

To, uwargida, daina zubar da ƙyallayen tela. Kira 'yarki, ki miƙa mata allura.