Abin da Tsohon Bakanike Ya Kwance Daga Jikin Motar

Motar ta shigo garejin da ke gefen tsohuwar kasuwar Agadas da hantsi, yara na bin ta da kallo. Land Cruiser ce fara, an ɗaga ƙafafunta sama da yadda kamfani ya ƙera ta, an sa mata manyan tayoyi masu kaushi, a goshinta ga katangar ƙarfe da injin jan igiya, a rufinta ga ragar ɗaukar kaya da jerin fitilu. Mai ita matashin injiniya ne daga Damagaram, wanda ya sami kwangilar kafa famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a Bilma. Ya kashe kuɗi mai yawa wajen yi mata wannan ado, ya kuma zo ne kawai a canza mata baƙin mai kafin su kama hanya.

Tsohon bakaniken ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba. Sai ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya tambaya: "Injiniya, ku nawa ne za ku shiga?"

"Mu huɗu ne, Baba."

"To, zauna mu yi lissafi."

Daga Agadas zuwa Bilma ta Faci tafiya ce ta kusan kilomita 600, mafi yawanta cikin Tenere, inda babu gidan mai balle gareji. A kan kwalta irin wannan mota ba ta da yawan shan mai, amma cikin rairayi mai laushi, da ƙaramar giya da ƙafa huɗu duk suna ja, shan nata yana iya kusan ninkawa. Tsohon ya yanke lita 250 ta dizal, har da rarar ɓatan hanya, nauyin da ya haura kilo 200. Ruwa kuma, lita goma ga kowane mutum a rana, na kwana biyar, ya zama lita 200, wato kilo 200 cif. Mutum huɗu sun kusa kilo 300. Ba a sa abinci ba, ba a sa safayar taya biyu ba, ba a sa famfunan da aka yi tafiyar dominsu ba, an riga an kai kilo 700, alhali abin da motar za ta iya ɗauka bai wuce tan ɗaya ba sosai.

A nan ne darasin yake. Duk ƙarfen da aka ɗaura wa mota, daga cikin wannan tan ɗin ake cire nauyinsa. Mai shirin shiga hamada yana zaɓe ne tsakanin ƙarfe da ruwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Abu na farko da aka kwance shi ne injin jan igiya. A daji mai itatuwa da taɓo yana da amfani ƙwarai, domin ana ɗaura igiyar a gindin itace mota ta ja kanta ta fita. Tenere kuwa itace ɗaya tak aka san ta da shi, wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai kusa da rijiya a kan hanyar ayarin gishiri, wadda wata babbar mota ta kaɗe a shekarar 1973. Gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta. A maimakon injin, tsohon ya sa faifan ƙarfe guda biyu masu huji-huji da shebur biyu. In mota ta kafe, a tone gaban tayoyi, a cusa faifan, a taka a hankali.

Sai ragar rufi. Injiniyan ya yi niyyar jera jarkokin mai a can sama. Motar da aka riga aka ɗaga, aka kuma ɗora mata kilo ɗari biyu a ka, takan yi rangaji a gefen tudun rairayi kamar mai tallan da ta yi lodin da ya fi wuyanta, kuma kifewa ba ta sallama. Aka sauko da jarkokin cikin bodi, aka jera su ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, aka ɗaure tamau. Tabarmi da barguna kaɗai aka bari a sama.

Tayoyin ne suka fi jawo gardama, don su suka fi cin kuɗi. Babbar taya tana ƙara wa mota tsayi, amma tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa, tana wahalar da kuloci da sandunan da ke juya ƙafafu. Kaushinta, wanda aka yi don taɓo, haƙa yake yi a rairayi. Abin da ke ɗaukar mota a kan yashi shi ne rage iska. In aka sauke ta zuwa kusan rabin abin da ake sawa a kwalta, tayar takan baje, sawunta ya yi tsawo, nauyin ya rarrabu, kamar yadda tafin raƙumi yake yi. Sharaɗin shi ne a rage gudu, a guji karya kan mota da ƙarfi kada taya ta saɓule daga garenta, a kuma mayar da iskar da zarar an hau duwatsu. Don haka ma'aunin iska da famfo mai kyau suka shiga jerin abin da ba a bari.

Sauran kwana biyun a cikin injin aka yi su. Injin 1HZ ne, mai silinda shida da lita 4.2, wanda direbobin Sahara suke so saboda ba ya dogara da kwamfuta, bakanike na iya gyara shi da sifana a ƙarƙashin inuwar bargo. An wanke lagireto, an canza fanbel da duk tiyon ruwa, aka ajiye tsofaffin a matsayin safaya. An sa sabuwar matatar iska da ta mai, an ɗaure batir, an bi kowane noti da hannu. Tiyon da bai kai kuɗin tuwon rana ba yana iya tsayar da mota a inda babu mai wucewa sai bayan mako.

Mutanen Agadas ba a littafi suka koyi wannan ba. A shekarar 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Shi ya sa sharaɗin ƙarshe na tsohon bai shafi ƙarfe ba: mota biyu aƙalla, ja-gora ɗan ƙasa wanda ya san rijiyoyi, wayar tauraron ɗan'adam, da wani a gari da ya san ranar da ya kamata a isa. A tashi da asuba, lokacin da sanyin dare ya sa rairayi ya yi ƙarfi. In mota ta mutu, kada kowa ya bar gindinta, domin daga nesa mota ake hange, ba a hangen mutum.

Ranar tafiya motar ta fito ta rage kwarjini. Injiniyan ya dubi tulin ƙarafunan da aka jingine a bango, ya ce: "Baba, wannan fa kuɗi ne."

"Suna nan, ɗana," in ji tsohon. "In Allah ya dawo da kai, sai ka ɗauka."