Hazo ba ya zamar da taya, ido yake rufewa

A Kanada da Rasha, idan hunturu ya kama, direba kan sauya tayoyin motarsa saboda dusar ƙanƙara, ya kuma rage gudu. Mu nan Potiskum sanyinmu sananne ne a Arewa, amma titi ba ya daskarewa, don haka muke tuƙin Janairu kamar na Afrilu. Alhali muna da namu, wato hazo. Ƙura ce iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ta lulluɓe mu tsakanin Disamba da Fabrairu. Wata safiyar ko bishiyar da ke bakin hanya ba ka gani sai ka zo daf da ita.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta sauka kan birki, an shafe wannan tazarar ko fiye, ba a ma fara tsayawa ba. To direban motar Sharon da ya taso daga tasha da asuba zai tafi Damaturu, yana son ya juyo ya sake lodi kafin azahar, me zai yi idan garken shanu ya ɓullo masa wajen Damagum?

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa tirela ce. Garinmu garin manyan motoci ne, da su ake cin abinci, ba na zagin sana'ar kowa. Amma tirela ta lalace da dare a hanyar Azare, babu fitilar baya ko ɗaya, ƙura ta rufe jan ƙyallen da aka liƙa mata, yaron mota ya karyo ganye ya jera a titi ya koma ƙarƙashi ya ƙudundune da bargo. Ganye a cikin hazo! Wanda ya gan shi ya riga ya iso.

Sai masu kunna doguwar fitila, wai don su ƙara gani. Hasken dukan ƙurar yake yi ya dawo maka, ka kashe idonka ka kashe na mai tahowa. Gajeriyar fitila ta fi, kuma a bar ta a kunne ko da rana, don a gan ka. Gilashi ma a goge shi ciki da waje, domin an rufe tagogi saboda sanyi, numfashin fasinja ya yi masa tururi. Ɗan acaɓa kuma ya naɗe kunne da rawani, hon ɗinka ba lallai ya ji ba.

Tun 2006 aka ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri. Inda aka gama, titi ya yi sumul, gudu ya ƙaru, ga masu bin hannun da ba nasu ba don gudun zagaye. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba ta da jami'in da za ta ajiye a kowace kwana.

Fasinjoji, mu ma da namu laifin. Direba ya sassauta, sai ka ji wani daga baya: "Malam direba, ka taka mana, muna sauri." Idan ka ji haka, kai ma ka buɗe baki ka ce a bi a hankali. Kuɗin mota ɗaya kuka biya.