Ɗigon jini a Kumasi

Mu mutanen Tiga da Bebeji da Kiru, a bakin kakanni muka fara jin sunan Kumasi ta ƙasar Gana, cikin labarin fataucin goro. Da na je gaida 'yan'uwa a unguwar Aboabo, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake tarbar jariri a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

Kafin a sallami mai jego, ma'aikaciyar jinya za ta kama ƙafar jaririn, ta goge dunduniyarsa, ta ɗan tsira masa allura. Ya callara kuka, jini ya ɗiga a kan wata 'yar takarda mai tsotsewa. Sai ta zauna ta rubuta sunan uwa da lambar waya da kwatancen gida, dalla-dalla, ba gaggawa. Gwajin sikila ke nan, amosanin jini. Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ya rasu a 2022, shi ya assasa aikin a 1995 a Kumasi da ƙauyen Tikrom. Ɗansa na cikinsa da ciwon aka haife shi, saboda haka ba a littafi kaɗai ya san zafinsa ba.

Kwatancen gidan nan kuwa shi ne ƙashin bayan aikin. In sakamako ya nuna ciwon, sai a bi sawun yaron har a same shi, a buɗe masa kati a sashen masu sikila. A fara ba shi fenisilin kullum tun yana 'yan watanni har ya shekara biyar, a cika masa rigakafi, a koya wa uwa lalubar cikinsa don ta gane kumburin saifa, a ja mata kunne kada ta kwana da zazzaɓinsa a gida. Hanzarin da dalilinsa: jinin da jariri ya fito da shi daga ciki yakan kare shi a watannin farko, daga nan saifa ta soma rauni, ciwon huhu ko sanƙarau ya iya ɗauke shi cikin yini guda.

A wajenmu fa? Sai hannu da ƙafa sun kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, a ce sanyi ne ko iska, a yi ta jiƙe-jiƙe, tukuna a kama hanyar Kano. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon a Nijeriya duk shekara. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 abin a yaba ce, sai dai ba ta tsinana wa yaron da ke goye a baya komai.

Ba ma sai an je Gana ba. A Gwagwalada, Farfesa Obiageli Nnodu da abokan aikinta sun gwada jarirai a wuraren rigakafi da wani ɗan tsinken gwaji mai ba da sakamako cikin mintuna. Matanmu na Tudun Wada da Doguwa, har da waɗanda suka haihu a hannun ungozoma, da yawansu suna kai jarirai allurar BCG. A zaman nan guda za a iya ɗiban jinin, a rubuta kwatancen gida.