Littafin da Na Ƙwace a Aji

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, yau laifin kaina zan faɗa muku.

Wata Laraba da yamma, muna tsakiyar darasin Larabci a nan Daura, sai na hango wani yaro ya sunkuyar da kai yana ta murmushi. Ina zuwa na tarar da Magana Jari Ce a kan cinyarsa. Na ƙwace, na ce masa, "Kai, tatsuniya ce za ta fisshe ka?" Bayan sallar isha'i na buɗe littafin don in ga abin da ya ɗauke masa hankali. Wallahi ban ajiye ba sai da dare ya raba.

Marubucin, Alhaji Abubakar Imam, an haife shi a Kagara a 1911. Ɗan malamai ne, ya san Larabci, ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina. A 1933 ya shiga gasar rubutu da Ruwan Bagaja. Ganin haka Dokta Rupert East ya gayyace shi Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981. Allah Ya jiƙansa.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon ya ruga, maigida ya bi shi da wuƙa a hannu. Na ɗauka a wani zaure na ƙasar Hausa aka haifi wannan labari. Ashe daga Jamus ya fito, cikin tatsuniyoyin da wasu 'yan'uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa a 1812. Can kuyanga ce mai dafa abinci. Imam ya mai da ita matar aure, ya sa mata bakin Hausa.

Da na ji haka sai raina ya ɗan sosu, na ce ashe kayan aro ne. Daga baya na tuna Kalila wa Dimna da muke alfahari da shi. Asalinsa daga Indiya ne, Ibnul Muƙaffa ya juyo shi daga Farisanci zuwa Larabci fiye da shekara 1,200 da suka wuce. To, wa ya taɓa ce masa ɓarawo? Aro ba abin kunya ba ne in mutum ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Nan ne na ga nawa kuskuren. Shekara da shekaru ina sa ku fassara Larabci kalma bayan kalma, irin ta zaure: shi Zaidu, ya tafi shi, zuwa ga kasuwa. Wannan hanya tana da amfani wajen gane nahawu, ba na raina ta, da ita aka koya mini. Amma in kun koma gida, kaka ta ce me aka karanta yau, kuna iya faɗa mata da Hausar da za ta gane? Imam ya fahimci ma'ana tukuna, sa'an nan ya faɗe ta yadda Bahaushe ke magana.

Ran Asabar na mayar wa yaron littafinsa, na ba shi haƙuri kan kalmar da na faɗa, ko da yake na gargaɗe shi kada ya sake karatun wani abu ana darasi. Yanzu kowace ƙissa sau biyu muke fassara ta: ɗaya ta nahawu, ɗaya ta gida.

Iyaye, roƙona gare ku, ku riƙa sa yara su ba ku labarin darasinsu da daddare. In ba ku gane ba, ku ce su sake. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.