Hutun Bazara: Rumsiki ko Lagdo?

Idan bazara ta kama Garwa, wajen Maris da Afrilu, zafi kan wuce digiri 40, sai kowane magidanci ya shiga tunanin inda zai kai iyali su sha iska. Yawancinmu Rumsiki ke fara zuwa mana a rai, can cikin duwatsun Kapsiki bayan Mokolo, inda tudun ya kai kimanin mita 1,000, dare kuma da sanyi. Amma wurin hawa ne da gangara, kuma tun da aka sace Faransawa bakwai kusa da Waza a 2013 baƙi suka ragu a yankin.

Mu da muka tafi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai muka zaɓi Lagdo, a kwari, kudu da Garwa. Mutanen Sin ne suka gina madatsar a kan kogin Binuwai, aka gama a 1982. Gaskiya babu sanyin dutse, amma akwai ɗakunan baƙi a bakin tafki, da iskar maraice, da gasasshen kifi daga hannun masunta, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawa. Asibitin Garwa ma ba nisa. A dai kula da yara, akwai dorina.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Kafin ku yanke shawara, ku dubi mafi rauni a cikin ayari.