Yadda Sinawa Ke Gabatar da Kansu ga Amurkawa

Mu da alli ya zama abincinmu, duk inda muka ji ana koyar da wani harshe a ƙasar da ba tasa ba sai mu kasa kunne. To, labarin Sinawan Amurka ya daɗe yana yi mana yawo a zuci.

Mutanen nan ba da lale marhabin aka karɓe su ba. A 1882 majalisar Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, ba a kuwa soke ta ba sai 1943. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Sin da Amurka suka gwabza, sai aka koma yi wa Basinen da ke sayar da shayinsa a San Faransisko kallon ɗan leƙen asiri. Shugabannin unguwarsu ba su kulle ƙofa ba. A 1953 suka fito da bikin sabuwar shekararsu kan titi, suka gayyaci kowa da kowa. Ga ganguna, ga wasan wuta, ga wani dodo na gora da yadi wanda tsawonsa a yau ya haura ƙafa 200, samari da 'yan mata na ɗauke da shi a ka yana lanƙwasa kamar mesa. Wanda ya kawo ɗansa kallo bara, da wuya bana ya yarda cewa maƙwabcinsa abokin gaba ne. A Niyu Yok ma, inda cibiyar China Institute da aka kafa a 1926 ke koyar da harshe da zane-zanen Sin, makarantun gwamnati sun fara ba da hutun wannan rana a 2016.

Amma akwai wata hanyar, wadda gwamnatin Sin ta bi da kuɗinta. A 2004 aka buɗe Cibiyar Confucius ta farko a Amurka, a Jami'ar Meriland, da sunan shahararren malaminsu na zamanin dā. Irin ta ce aka buɗe a Yawunde a 2007, da Legon a 2013. Sin ke turo malamai da littattafai, jami'a ta ba da ɗaki. Kafin a ce haka sun kai kusan 100, har suna aika malamai makarantun firamare da sakandare. Sai aka fara ƙorafi cewa akwai batutuwan da ba a son taɓawa a ajin, irin su Tibet da Taiwan, kuma a ganinmu ƙorafin yana da tushe, domin malamin da aka ɗaure wa baki rabin malami ne. A 2018 majalisa ta hana ma'aikatar tsaro ba da kuɗin koyar da Sinanci ga jami'ar da ke riƙe da cibiyar. Ta Meriland ta rufe a 2020, zuwa 2023 kuwa waɗanda suka rage ba su kai 5 ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ke aji. Sinanci ba ya da a, b, c. Kowane harafi sai an haddace shi da zanensa, ana kuwa bukatar wajen 2,000 zuwa 3,000 kafin a iya karanta jarida. Ɗan Basine yana da makarantar ƙarshen mako da iyaye ke biya da aljihunsu, ba ta rufe ba. Ɗan Ba'amurken ƙauye da ya shekara 3 yana fama, ya haddace haruffa ɗari-ɗari, shi ne ya dawo hutu ya tarar malamarsa ta koma gida.